MU SA 'YA'YANMU KARATUN LAMBATU DA KWALBATI

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara, a Sabo, Badun.



Muna godiya ga kwamitin ilmi da ya ba mu wannan dama. An ce mu yi magana a kan irin karatun da ya kamata mu nuna wa yaranmu. To, mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na allo ne da Islamiyya. Amma mun zauna da yaranmu da suka yi karatun injiniya, mun yi masu tambayoyi, sun warware mana dalla-dalla. Abin da muka zaɓa mu yi magana a kansa shi ne karatun tsara magudanar ruwa da kwalbati, wanda reshe ne na aikin injiniyan gine-gine da hanyoyi. Mun san wani zai ce, duk karatun duniya a rasa wanda za a zaɓa sai na kwata? To a yi haƙuri a saurara.

Dattawan da ke zaune a nan ba su manta ƙarshen watan Agusta na 1980 ba, lokacin da kogin Ogunpa ya cika ya batse, ya ci gidaje da kasuwanni da rayuka a tsakiyar garin nan. Makwabtanmu Yarbawa har yau suna kiran abin da suna Omiyale. Daga baya aka yi wa Ogunpa shimfiɗar kankare a cikin gari. Ranar 26 ga Agusta 2011 ruwa ya sake dawowa, wannan karo ya fi ɓarna a wajen Odo-Ona da Apete da Eleyele. Ma'aunin cibiyar binciken noma ta IITA ya nuna ruwan da ya sauka a ranar ya kai milimita 187.5, mutum fiye da ɗari suka rasu, gadar Apete ta karye. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 don aikin kare Badun daga ambaliya, kuma babban ɓangare na aikin shi ne sake gina gadoji da kwalbatoci da yashe hanyoyin ruwa.

Sai kuma Mokwa, a ƙarshen watan Mayu na 2025. Mutum fiye da 150 suka rasu, kuma cikin unguwannin da abin ya fi shafa har da Unguwar Hausawa. Rahotanni sun nuna ruwa ne ya taru a bayan tudun layin dogo bayan kwalbatocin da ke ƙarƙashinsa sun toshe, ya yi ta taruwa har ya ɓalle. Duk wanda ke jiran motar shanu ko ta albasa ko ta wake daga Arewa ya san Mokwa a kan hanyarmu take. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kun ga ke nan maganar kwalbati magana ce ta rai da dukiya.

To mene ne yaro zai koya in ya shiga wannan karatu?

Na farko, zai koyi auna ruwan sama kamar yadda muke auna hatsi. In aka ce an yi ruwa milimita 1, ma'anarsa kowane fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi ya sami lita 1. Ku ɗauki kadada ɗaya, wato mita 100 tsawo mita 100 faɗi. In aka yi ruwa milimita 50 cikin awa guda, lita 500,000 ke nan ta sauka a wannan ɗan fili. Jarka mai lita 25 guda 20,000, ko kuwa tankar mai irin mai lita 33,000 har guda 15. In kuka yi wannan lissafi da ruwan 2011, za ku ga kowace kadada ta sha tanka fiye da 55. Ina ruwan nan zai bi? Wannan ita ce tambayar da injiniya yake amsawa kafin a haƙa ko da taku ɗaya.

Na biyu, zai koyi cewa ba duk ruwan da ya sauka ke gudu ba. A daji ko gona, ƙasa da ciyawa suna shanye mafi yawa, abin da ke gangarowa bai fi kamar kashi 3 cikin 10 ba. Amma inda aka rufe da kwano da siminti da kwalta, kusan kashi 9 cikin 10 ne ke gangarowa. Wato daga lita 150,000 ya koma lita 450,000, ninki uku. In ka raba wannan a kan daƙiƙa 3,600 da ke cikin awa, za ka sami lita 125, jarka biyar ke nan a kowace daƙiƙa, daga kadada ɗaya tak. Shi ya sa za ka ji dattijo yana cewa, "Shekara arba'in muna unguwar nan ruwa bai taɓa shiga ba, sai yanzu." Gaskiya ya faɗa. Lambatun nan na da ne, an yi shi lokacin da bayan unguwa daji ne. Yanzu kowa ya gina, kowa ya dafe tsakar gidansa da siminti, kowane indararo yana zuba a waje guda. Wannan lissafi na haɗa faɗin fili da ƙarfin ruwa da irin ƙasa, wani injiniya ɗan ƙasar Ayalan mai suna Thomas Mulvaney ne ya fara fito da shi wajen 1850, kuma har yanzu da shi ake fara koyar da ɗalibai.

Na uku, zai koyi zaɓar wane irin ruwa za a yi wa shiri. Ɗan kasuwa ba ya gina rumbu daidai da cinikin ranar Talata, yana duba lokacin kaka da lokacin Sallah. Haka su ma, suna karɓar bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa daga hukumar yanayi ta NiMet, su fitar da abin da suke kira ruwan shekara 10, ko na shekara 25, ko na shekara 50. Ƙaramin lambatun unguwa ana yi masa lissafi da ƙaramin ruwa, babbar hanya da gada da babban ruwa. Amma a nan akwai abin lura. In an ce ruwan shekara 25, ba ana nufin in ya zo bana sai bayan shekara 25 zai dawo ba. Ana nufin a kowace damina akwai yiwuwar 1 cikin 25 ya zo. Yana iya zuwa bana ya sake zuwa baɗi.

Na huɗu, wanda ya fi ba mu mamaki, shi ne girman bututu. Mu a kasuwa mun saba mudu biyu ninkin mudu ɗaya ne. A bututu ba haka abin yake ba. In gangaren ɗaya ne, bututu mai faɗin milimita 900 yana ɗaukar kusan ninki uku na abin da mai 600 zai ɗauka, mai 1,200 kuwa fiye da ninki shida. Wato in ɗan kwangila ya ce maka babu mai 900 a kasuwa, bari a jera masu 600 guda biyu ai sun ma fi, to ya rage maka hanyar ruwa ne, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan lissafi na Robert Manning ne, shi ma ɗan Ayalan, ya gabatar da shi a 1889. Yana duba faɗin bututu, da gangarensa, da santsin cikinsa. Araha ba ta ado, a nan kam har kisa take yi.

Shi kansa gangaren ma da awo ake yin sa. In ya kwanta da yawa, ruwa zai yi sanyin gudu, yashi da laka su zauna, cikin damina biyu bututu ya cika rabi, sauro ya sami gida. In ya yi tsaye da yawa, ruwa zai fito da ƙarfi ya ƙwaƙule ƙasar bakin kwalbati, a hankali ya ci ƙarƙashin titi, ranar nan sai tirela ta taka ya rufta. Don haka ake gina bango a bakin kwalbati da fikafikai biyu a gefe, a shimfiɗa kankare ko a jera duwatsu inda ruwa ke faɗowa. Yaro zai koyi aiki da na'urar safiyo don ya san tudu da kwari, zai koyi gwajin ƙasa, zai koyi haɗin siminti da yashi da tsakuwa da yawan rodi, da kaurin ƙasar da za a zuba a kan bututu don nauyin mota kada ya fasa shi. Zai san inda zobe ya isa da inda sai an zuba mai kusurwa huɗu. A yau kuma akwai manhajojin kwamfuta irin su SWMM da HY-8 da hukumomin Amurka suka saki kyauta, yaro mai kwamfuta yana iya koyon su a ɗakinsa. Sai dai yaranmu sun ja mana kunne, sun ce wanda bai iya lissafin da biro da takarda ba, kwamfuta za ta ba shi amsar banza ya karɓa da hannu biyu.

To ta ina ake shiga? Tun daga sakandare. Dole yaro ya kasance a ajin kimiyya, ya ci Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri, su ne kuma zai rubuta a jarrabawar JAMB. A jami'a shekara biyar ne, da 'yan watanni na koyon aiki a fili. Ga Jami'ar Badun a ƙofarmu, ga ta Ife, ga ta Ogbomosho, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya wadda ke da sashe na musamman kan albarkatun ruwa. Wanda bai sami jami'a ba, ga kwalejin fasaha ta nan Badun, ko ta Yaba a Ikko, ko ta Kaduna: shekara biyu ya sami ƙaramar difiloma, ya yi shekara guda a wurin aiki, ya koma shekara biyu ya sami babba. Bayan an gama an yi 'yan shekaru ana aiki a ƙarƙashin manya, sai a nemi rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970. Ita ke ba mutum izinin amsa sunan injiniya da sa hannu a zane.

Iyaye, mun san abin da ke hana mu. Muna cewa lissafi ya yi wa yaranmu wuya. Yaron da yake zaune a rumfa yana lissafa kuɗin kwandon goro ɗari da la'ada da kuɗin mota a kansa ba tare da biro ba, shi ne lissafi zai gagara? Yarinyar da ta zauna gaban malam ta iya rabon gado, ta san sudusi da sumuni da sulusi, ita ce za a ce ba ta da kai? Ba kai suka rasa ba, mai jan hannu suka rasa. Sau da yawa yaro yana aji uku muke cire shi mu ce ya zo ya tsare shago, saboda muna ganin kuɗin yau. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafe mu musamman, mu mazauna Kurmi. Duk ran da aka zo gyaran titi ko lambatu a unguwarmu ko kasuwarmu, akan kira shugabanninmu a shimfiɗa masu zane a kan tebur. Mu gyaɗa kai, mu yi godiya, mu tashi. Ba mu da wanda zai duba ya ce, ranka ya daɗe, wannan bututun ya yi ƙanƙanta, ko ruwan nan ina za ku kai shi in ya wuce masallaci? In muna da ɗanmu mai rajista, zai yi magana da su da harshen da suke ji, cikin ladabi, da alƙalami. Ribar kuma ba tamu kaɗai ba ce, don ruwa in ya taso ba ya tambayar wane ne Bahaushe wane ne Bayarabe. Ga shi kuma sana'a ce da ba ta yankewa, muddin ana ruwa ana gina hanya, daga Ikko har Maiduguri.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu huɗu.

Ɗaya, kwamitin ilmi ya tattara sunayen yaranmu da ke ajin kimiyya, maza da mata, a ɗaukar masu malamin Lissafi da Fizis na yamma, a raba kuɗinsa tsakanin sassan kasuwa.

Biyu, a ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin jarrabawa da kuɗin rajista na duk yaron da ya sami gurbin karatun injiniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Uku, 'yan uwanmu masu sayar da siminti da rodi da masu tifa, kuna hulɗa da 'yan kwangila kullum. Ku nema wa yaran nan wurin koyon aiki lokacin hutu, su taka laka, su riƙe sandar awo.

Huɗu, wannan kuma ba ya jiran kowa ya gama makaranta. Komai ƙwarewar injiniya, lissafinsa a kan buɗaɗɗen bututu ya yi shi. In muka cika lambatu da leda da robar ruwa da ɓawon albasa da ganyen goro, ko muka dasa rumfa a kansa muka toshe, mun rushe lissafin da hannunmu. Kowane layi ya sa ranar yashe kwatarsa kafin ruwan farko, abin da aka kwaso kuma a kwashe shi nesa, kada a tara a baki ruwa ya mayar. Mai neman fili kuma ya tambayi tsofaffin unguwa ina ruwa yake bi kafin ya biya. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma samari da 'yan mata, in an yi ruwa gobe, ku fita bayan ya ɗauke ku duba kwalbatin layinku. Ku ga ta ina ruwa ya shigo, ina ya tsaya, ina ya ci ƙasa, ku tambayi kanku dalili. Karatun daga nan yake farawa.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu da makwabtanmu daga ambaliya, Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.