Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ƙananan Kwamfutoci da Wasan Shaɗaranji

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a zaman da aka keɓe wa sha'anin ilmi

   

Kwamitin ilmi ya umarce ni da in kawo shawara a kan wani abu da ƙungiya za ta iya yi wa makarantun garinmu ba tare da an buɗe asusun neman taimako ba. Abin da na zo da shi yana kwance a akwatuna da durowar da yawa daga cikinmu, wato ƙananan kwamfutocin nan na tafi-da-gidanka waɗanda aka yi yayinsu, aka kuma jingine su. Kowace ɗaya daga cikinsu za ta iya zama abokiyar karatun wasan shaɗaranji ga 'ya'yanmu, kuma gwanar da ta fi ƙarfin duk wanda ke cikin wannan zaure.

Shaɗaranji shi ne wasan da ake ce wa ches, wasu kuma su ce darar Turawa, ko da yake asalinsa daga Indiya ne, ya bi ta Farisa zuwa ƙasashen Larabawa kafin ya isa Turai. Darar da muka gada tana da gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Shi kuwa wannan gidaje 64 gare shi, kowane ɓangare da 'ya'ya 16, kuma tafiyar doki daban take da ta sarki. Yaron da ya iya zaman dara a gindin bishiya ba baƙo ba ne a nan, domin duka biyun suna koyar da haƙuri da auna ƙarshen al'amari kafin a ɗaga hannu.

A shekarar 1997, a birnin Niyok na Amurka, wata na'ura mai suna Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki uku da rabi, shi yana da biyu da rabi. Ƙatuwar na'ura ce da aka ƙera musamman don wannan aiki, tana duba yanayin wasa kimanin miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya. A 2006, a birnin Bonn na Jamus, manhajar Deep Fritz ta doke zakaran lokacin, Vladimir Kramnik, da maki 4 da 2, a kan kwamfuta irin wadda ake sayarwa a kasuwa. A 2009 kuma, manhajar Pocket Fritz 4 ta cinye gasar Copa Mercosur a Buenos Aires ta Ajantina da maki tara da rabi cikin goma, a gaban ƙwararrun 'yan wasa, alhali a cikin wayar hannu take, tana duba yanayin da bai kai 20,000 ba a daƙiƙa.

Yaya aka yi na'urar da saurinta bai kai ko kusa da na Deep Blue ba ta yi wannan bajinta? A kowane yanayi na wasan, mutum yana da zaɓin tafiya kimanin 30. In ya yi ɗaya abokin karawa ya mayar, hanyoyi sun kusa dubu ke nan, kuma haka suke ninkuwa har su fi ƙarfin kowace na'ura. Don haka masu rubuta manhaja suka mayar da hankali wajen koya mata watsar da hanyoyin banza tun da wuri, kamar gogaggen ɗan kasuwa da ya san rumfunan da ba sai ya tsaya tayi a cikinsu ba. Dabara ce ta ƙaru, shi ya sa ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Su kuwa ƙananan kwamfutocin da nake magana a kai, kamfanin Asus na Taiwan ne ya buɗe musu kasuwa a 2007 da samfurin Eee PC mai allo inci 7, wanda nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Daga 2008 aka yawaita masu allo inci 9 ko 10, da ƙwaƙwalwa ƙirar Intel Atom, irin su Acer Aspire One. An daina ƙera su tuntuni, kuma ba sa iya ɗaukar nauyin shafukan intanet na yau. Amma ƙwaƙwalwarsu ta fi ta wayar da ta ci gasar Ajantina sauri nesa ba kusa ba.

Ga wanda zai shirya su, abubuwa biyu ake zubawa. Na farko shi ne injin tunani, wanda ke lissafin tafiya. Mafi shahara shi ne Stockfish, wanda ya fito a 2008, kuma kyauta ne, halal ne a kwafa a raba. Na biyu shi ne manhajar da ke zana allon wasa, kamar Arena ko Scid, su ma kyauta. Yawancin waɗannan kwamfutoci na farko masu bit 32 ne, saboda haka a nemi fitowar da ta dace da su. Tun daga fitowa ta 12 a 2020 Stockfish ya sauya tsarin lissafinsa zuwa wanda ya fi son sababbin na'urori, don haka fitowa ta 11 ko wadda ta gabace ta za ta fi yi musu sauƙi.

Har ila yau, a kula da ma'ajiyar wucin gadi da injin ke tara lissafinsa a ciki. Kwamfutar da ke da gigabait ɗaya, megabait 64 zuwa 128 sun wadatar. In an zarce, sai ta riƙa jan ƙafa. A kashe tsarin da ke sa injin ya ci gaba da tunani a lokacin da yaro ke nasa, domin yana cinye batir yana zafafa na'ura. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, kuma a rufe ta daga ƙurar hunturu. Kada a haɗa ta da intanet: kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP tun 2014, kuma wasan ba ya bukatar data ko ta sisin kwabo. Wutar da take sha ba ta kai ta ƙwan fitila irin na da mai wat 60 ba, ƙaramar sola ta ishe ta.

Abu mafi muhimmanci shi ne yadda za a yi amfani da ita. In aka bar yaro ya kara da injin da dukkan ƙarfinsa, zai sha kaye har ya tsani wasan. Stockfish yana da matakan ƙarfi daga 0 zuwa 20. A fara daga ƙasa. Mafi alheri ma, yara biyu su yi wasa a kan allon katako, su rubuta tafiyarsu a takarda, sannan a shigar a kwamfuta ta nuna inda wasan ya juya. Na'ura tana nuna kuskure ne kawai, ba ta iya bayyana dalili yadda yaro zai gane. Wannan aikin malami ne, kuma dole mu nemi malami ɗaya a kowace makaranta mu ƙarfafa masa gwiwa.

Wani zai ce ai wayar zamani ta fi wannan tsohuwar kwamfuta ƙarfi. Gaskiya ne, amma waya ta mai ita ce, tana tafiya da shi, kuma cike take da abubuwan ɗauke hankali. Kwamfutar da ba komai cikinta sai wasan da littattafai za ta zauna a ɗakin karatu, ta amfani yara da yawa.

Akwai kuma batun addini, wanda bai kamata a yi masa kwana ba. Malamai sun haɗu a kan haramcin wasan in akwai caca ko ya shagaltar daga salla. In babu waɗannan, sun yi saɓani: Imamu Malik ya ƙi shi, mazhabarmu kuma ta tsananta, yayin da Shafi'iyya suke ganinsa makaruhi. Don haka kwamiti ya fara zama da limamai da malamanmu, ya bi abin da suka yanke, kuma kada a tilasta wa ɗan kowa.

A kudancin ƙasar nan, Tunde Onakoya ya kafa shirin Chess in Slums a Legas a 2018, inda ya yi amfani da wannan wasa wajen jawo yaran unguwannin talakawa zuwa makaranta. 'Ya'yanmu ba su gaza nasu kaifin basira ba.

Roƙona ga 'yan uwa mazauna birane shi ne, kowa ya binciki gidansa. Wanda ya sami irin wannan kwamfuta, ya goge bayanansa na sirri, ya haɗa da cajarta, ya miƙa wa sakataren reshensa. Matasanmu masu ilmin kwamfuta su duba su, su zuba manhaja, sannan a damƙa wa shugabannin makarantu a rubuce, a kawo rahoto a taro mai zuwa.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ɗaukaka garinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.