Babur, Ƙafar Ma'aikaci



An nemi in yi magana a kan zuwa wurin aiki a bisa babur. Na san akwai waɗanda za su ce wannan ba batu ba ne da ya isa a tara ɗaliban jami'a dominsa, tun da yake kowannenmu in ya hango kansa bayan ya karɓi digiri, a cikin mota yake hango kansa, da direba ma in da hali. To, ina roƙon duk mai wannan ra'ayi ya je ya tsaya a bakin titin Zariya ko titin Katsina a Kano da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ya dubi masu wucewa. Zai ga malamin makaranta da littattafan 'yan ajinsa ɗaure a kan kariya, ga akawu ya nufi Sakatariyar Audu Baƙo, ga ma'aikacin masana'anta ya nufi Sharaɗa ko Bomfai, ga magidanci ya ɗora yaro ɗaya a kan tanki ɗaya a baya zai sauke su a makaranta kafin ya wuce ofis. Da yawa daga cikin mutanen nan sun taɓa zama a irin kujerun da muke zaune a kai yau. Saboda haka maganar babur maganarmu ce, ko mun so ko mun ƙi.

Bari in ɗan koma baya. A zamanin kakanninmu keke ne abin hawan ma'aikaci, mai Rali kuwa ba ƙaramin mutum ba ne a unguwa. Babur ya fara yawaita ne sosai a lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, musamman a shekarar 1975 da aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji haɗe da bashin watannin baya. Kuɗi suka zo wa mutane a dunƙule, aka yi ta sayen Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. A wannan shekara ce kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Watau a lokacin babur matakala ce kawai: ƙaramin ma'aikaci ya hau shi 'yan shekaru, in ya sami ƙarin girma ya karɓi rancen mota ya bar wa ƙanensa babur ɗin.

Wannan matakala ta karye a shekarar 1986, sa'ad da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, har kayan gyaran tsohuwar ma suka yi tsada. Daga nan babur ya tashi daga matakala ya zama mazauni. Daga nan ne kuma haya da shi ta bunƙasa, ake ce mata acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Maraɗi, okada a Kudu. Da baburan Sin da na Indiya masu araha suka shigo daga baya, irin su Jincheng da Bajaj, sai abin ya game ko'ina.

Amma tsadar mota kaɗai ba ta isa ta bayyana abin da muke gani ba. Akwai garuruwa da yawa a duniya inda ma'aikaci ba shi da mota, ba shi da babur, kuma yana isa ofis a kan lokaci, domin akwai bas ko jirgin ƙasa da ke biyowa ta unguwarsu. Mu namu garuruwan sun yi ta faɗaɗa ne ba tare da an yi musu wannan tanadi ba. Kuɗin haya ya kori mai ƙaramin ƙarfi daga tsakiyar gari zuwa Rijiyar Zaki da Mariri da Ungogo da Fanshekara, alhali kuwa ofisoshi da kasuwanni da masana'antu suna nan inda aka san su. Sababbin unguwannin nan galibi an yanka filayensu ne kafin a yanka hanya, ta yadda akwai lungun da in damina ta sauka ba abin da ke iya shiga sai ƙafa da babur. An yi ƙoƙari jefi-jefi. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin safarar jama'a a birane a 1988, aka rarraba motoci, amma babu gyara babu canji, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A Ikko an soke aikin jirgin ƙasa na cikin gari a 1985, mutanen garin ba su hau irinsa ba sai a 2023. Ashe ke nan ma'aikacin da ya sayi babur nauyin da hukuma ta ajiye ne ya sunkuya ya ɗauka da kuɗin aljihunsa.

Ga ɗan lissafi, don kada a ce surutu kawai nake yi. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa sai da ta wuce 1,000. A Yulin 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Mu ɗauka mutum lita ɗaya tak yake ƙonawa a yini, kwana 22 na aiki a wata. A farashin wancan lokaci naira 22,000 ke nan, kusan sulusin albashin. In mota ce, wadda kan sha ninki uku ko huɗu na abin da babur ke sha a tafiya ɗaya, ai albashin gaba ɗaya ba zai kai shi ƙarshen wata ba. Shi ya sa bayan 2023 aka ga manyan mutane sun lulluɓe motocinsu a gida sun koma kan mashin. Wanda bai san wannan lissafi ba shi ne kan yi wa mai babur kallon raini.

Duk da haka, in hukuma ta waiwayi babur, galibi da sanda take waiwayarsa. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, a Maiduguri a 2011, a Jos a 2012. A Kano an hana ɗaukar fasinja a kan babur a Janairun 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero. Ba na cikin masu cewa dokokin nan ba su da dalili. An yi amfani da babur an kashe bayin Allah, kuma duk wanda ya san Kano kafin 2013 ya san irin hayaƙin da ke turnuƙe gari da la'asar. Abin da nake tambaya shi ne, ran da aka hana, me aka ajiye a madadinsa? A Kano dai a-daidaita-sahu ce ta cike gurbin, ita ma ta 'yan kasuwa ce, ta kuma zo da nata cunkoson. Wanda ya fi jin jiki shi ne ma'aikacin da ya saba sauke maiɗakinsa a wurin aikinta kafin ya wuce nasa, ya wayi gari kuɗin motarsu ya zama biyu.

To, wannan laifin na sama ke nan. Sauran maganata a kan namu ne, domin akwai abin da ba sai mun jira gwamnati ba, watau hular kwano.

Mai mota yana cikin akwatin ƙarfe, mai babur kuwa jikinsa ne bangon motarsa. In ƙafa ta karye akwai masu ɗori, akwai asibitin ƙashi na Dala. Ƙwaƙwalwa ba a ɗora ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa hular kwano mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, tana rage mummunan rauni a ka da kusan kashi 70. Yadda take aiki ba wani sihiri ba ne. Ɓawon waje mai tauri yana baza ƙarfin bugun don kada ya taru a wuri ɗaya, sa'an nan farin soson da ke ciki yana murƙushewa a hankali, ya tsawaita ɗan lokacin da kai zai tsaya, maimakon ya tsaya farat ɗaya a kan kwalta. 'Yan'uwanmu na sashen kimiyya za su gaya muku kuma cewa in an ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon sau huɗu yake ninkuwa, haka ma nisan da birki ke bukata. Mai sauri don kada a ja masa jan layi a rajistar ofis ya kamata ya san da wannan.

A ranar 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular. Me muka yi? Wasu suka kife ƙwarya a ka, wasu tukunya, wasu robar fenti, har labarin ya kai gidajen rediyon ƙasashen waje ana yi mana dariya. Aka kuma baza jita-jitar wai ana yin asiri a cikin hular a sace mutum. Ba a daɗe ba dokar ta bi ruwa. Dalilan da ake kawowa na san su: zafi, tsada, ƙyamar gumin wani, da kuma wanda ba a cika faɗa a fili ba, wato hular kwano tana lalata karin hula. Mutum ya kai zannarsa wanki an buga ta ta yi tsaf, ina zai cusa ta cikin kwano? Wallahi na fi tausaya wa wannan uzuri bisa sauran, domin shi ne na gaskiya, amma maganinsa jaka ce kawai: a sa hular a ciki, in an isa ofis a fito da ita a kafa. Batun zafi kuwa, ƙasar Biyetnam ma ƙasar zafi ce, ta kafa dokarta a Disamban 2007, kusan kowa ya bi. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaɓa da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, ba wanda ya ce an sace shi.

Wasu kuma sukan fake da ƙaddara, su ce in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa. Gaskiya ne. Amma mai faɗin haka yana kulle babur ɗinsa da kwaɗo biyu in ya shiga masallaci, bai taɓa barinsa a buɗe ya ce ƙaddara ba. Ban ga dalilin da zai sa a yi wa mashin tsaron da ba a yi wa kai ba.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da irin tufafinmu. Babbar riga da gyale da dogon hijabi sukan sauka su shiga cikin taya ko sarƙa, su fizgo mutum ƙasa ba tare da kowa ya buge shi ba. 'Yan'uwa mata, ku tattare kafin a tashi, kada ku ji nauyin tsayar da mai tuƙi don wannan. Haka kuma al'adar nan ta cire madubi ran da aka sayi sabon babur, wai don kada a ce mutum baƙauye ne, har yau ban sami wanda ya yi mini bayaninta ya gamsar da ni ba.

Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga ƙungiyarmu. A ƙofar kowane ɗakin karatu a makarantar nan akwai jerin baburan ɗalibai da na ƙananan ma'aikata, in ka ƙirga masu hula ba za su cika yatsun hannu ba. Ƙungiya tana iya nemo dillali ɗaya ta saya da yawa a farashin sari, ta sayar wa ɗalibai su biya kaɗan-kaɗan cikin zangon karatu. Sai dai a lura da abin da za a sayo: ba hular magina ba, wadda ba ta da soso a ciki, kuma ba gwanjon da ya riga ya sha ƙasa ba, domin soson in ya murƙushe sau ɗaya ya gama aiki ko da waje yana ƙyalli. A tabbata tana da maɗauri a haɓa mai kamawa sosai, gama wadda ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita isa ƙasa. In majalisa ta amince, ni da abokaina biyu mun ɗauki nauyin zagaya kasuwa mu kawo farashi a zama na gaba.