Iska, Teku, da Daminar Minna



Tsakanin Minna da bakin teku akwai tafiyar fiye da kilomita 400, kuma da yawa daga cikin manoman doya da dawa na Jihar Neja ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Amma duk da haka, ruwan da ke sauka a gonakinsu daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansa daga Tekun Atalantika iska ke ɗauko shi. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda iska ke tafiyar da ruwan teku, ya kuma san kalmomin da masana ke bayani da su, don kada a ji su a rediyo a ɗauka tatsuniya ce.

Da farko akwai wani ruɗani da ya wajaba a warware. Bahaushe yakan ce "igiyar ruwa" ga kowane irin motsi na ruwa, alhali kuwa masana sun raba shi. Raƙumin ruwa shi ne tudun nan da ke tasowa ya faɗi. Wanda ya jefa kara a tafkin Shiroro zai ga karan yana hawa yana sauka, amma bai yi nisa da wurinsa ba. Cika da janyewar teku kuwa aikin wata ne da rana. Abin da ake magana a kansa yau shi ne kwararar teku, watau ruwa mai tafiya daga wannan yanki zuwa wancan kamar kogi, sai dai ba shi da gaɓa ta ƙasa. Iska mai kaɗawa ta fuska ɗaya kwana da kwanaki ita ke jan fatar ruwan, fatar kuma ta ja na ƙarƙashinta. Irin wannan ce Kwararar Gini, wadda ke bin gaɓar Afirka ta Yamma ta nufo gabas, ta wuce Laberiya da Gana ta iso Nijeriya.

Abin mamaki shi ne ruwan ba ya bin iska sak. Wani Bature ɗan ƙasar Norwe, Fridtjof Nansen, ya lura da haka a tafiyar da ya yi cikin ƙanƙarar arewacin duniya daga 1893 zuwa 1896: ƙanƙarar takan kauce wa hanyar iska ta yi dama da misalin digiri 20 zuwa 40. A 1905 wani masani ɗan Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, ya fitar da lissafin abin. Juyawar duniya ce ke karkatar da duk abin da ke tafiya mai nisa a bisanta, zuwa dama a arewacin Ikwaita, zuwa hagu a kudancinta. Wannan shi ake kira karkatar Koriyolis, da sunan Bafaranshen da ya bayyana ta a 1835. Kowane bene na ruwa yakan ƙara karkata fiye da na samansa, har in an haɗa su duka sai a tarar ruwan ya kauce wa iska da digiri 90, kamar mutum ya fuskanci gabas sa'an nan ya juya kudu. Sunan wannan jigilar Ekman.

To, ina ruwan manomin Bosso ko Paiko da wannan? Ga inda zancen ya iso gida. Daga wajen watan Mayu iskar da ke kaɗawa a kan Ikwaita ta nufi yamma takan yi ƙarfi. Ruwan da ke arewa da layin ya karkata arewa, na kudu ya karkata kudu, sai tsakiya ta buɗe, ruwa mai sanyi ya taso daga zurfi ya cike gurbin. Masana suna kiran wannan ɓuɓɓugowar ruwan ƙasa, shimfiɗar ruwan sanyin da ke biyo baya kuma harshen sanyi, don siffarta a taswira. Zafin fatar teku yakan sauko daga wajen digiri 28 zuwa 24 ko ƙasa da haka. A daidai lokacin nan ƙasar Sahara tana ƙuna. Bambancin nan tsakanin teku mai sanyi da ƙasa mai zafi yana ƙara wa iskar damina ƙarfin kutsawa cikin ƙasa, ta yadda a ƙarshen Yuni hadari kan bar gaɓar teku ya koma wajen digiri 10 arewa da Ikwaita. Minna kuwa tana kusa ƙwarai da wannan layi. Shi ya sa a watan Agusta mutanen Ikko kan ga ruwa ya ɗan ɗauke, Minna kuwa marka ake yi.

In harshen sanyi ya yi rauni, hadari kan noƙe a bakin teku. An ga haka a 1984: ruwan Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, shekarar kuma ta zama cikin mafi munin shekarun fari a arewacin Nijeriya da Nijar. Lalle ba teku ɗaya ce ke hukunta damina ba, Tekun Pasifik da Tekun Indiya ma suna da hannu, kuma Allah ne Mai saukar da ruwa. Amma wanda ya raina labarin teku don yana zaune a tudu ya yi wa kansa asarar gargaɗi.

A Ikko akwai cibiyar binciken teku ta tarayya tun 1975, kuma tun 1997 ƙasashen Barazil da Faransa da Amurka suka kafa na'urori masu iyo a tsakiyar Atalantika suna auna iska da zafin ruwa dare da rana. Zafin teku yana cikin abubuwan da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ke dubawa kafin ta fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ana roƙon malaman gona da masu unguwanni su nemi wannan hasashe, su karanta wa manoma shi da Hausa ko Gwari ko Nupe kafin a fara tada kunyar doya.