Tambaya Kafin Zane: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An umurce ni in yi tsokaci kan yaranmu masu koyon zanen fasta da allon talla. Ni ba mai zane ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, amma aikinsu kan biyo ta teburina, kuma ya taɓa kunyata ni.

Wata shekara ofishinmu ya ba wani matashi aikin fastar kiwon lafiya. Ya zana yarinya kwance ba lafiya, ya rubuta gargaɗin da muka ba shi: "Kada a ɓata magani." To, haruffan kwamfutarsa ba su da lanƙwasa. Da muka liƙa fastar a wani ƙauye a ƙasar Bungudu, sai wani dattijo ya karanta da ƙarfi: "Kada a ba ta magani." Jikina ya yi sanyi. Da hannuna na yage ta. Yaron nan gwani ne, bincike ne ba a koya masa ba, mu kuma ba mu duba ba.

Don haka ina roƙon malamanmu su koya wa ɗalibai abubuwa uku.

Na farko, su san mai karatu. Boko yake karantawa ko ajami? A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 zuwa 50, kuma duk mun ji ƙorafin dattawa. Wanda zai yi wa mutanen Tsafe fasta, ya tuna 'Yandoto, tsohon garin malamai, yana kusa da su.

Na biyu, su tafi su gani da idonsu. Kada ɗalibi ya ɗauko hoton dutse daga intanet alhali ga Kwatarkwashi a bakin hanyar Gusau. Ya ɗauki littafi da fensir ya shiga kasuwa, ya ga hula da zanen da ake ɗaurawa, ya rubuta wanda ya gaya masa magana da ranar da ya ji ta. Ya kuma nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya ga yadda ake tsara shafin Hausa.

Na uku, gwaji kafin ɗab'i. A nuna wa mutum goma zanen, a yi shiru, a ji abin da suka fahimta. Da mun yi haka, da dattijon Bungudu ya gyara mana tun kafin a kashe kuɗin jama'a. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma 'yan'uwa da ke asibitoci da ma'aikatu, kowa ya karɓi ɗalibi ɗaya a hutu mai zuwa, ya bar shi ya yi ta tambaya. Ni na fara rubuta sunana wajen sakatare.