Sakin Layi a Taro: Abin da Na Koya a Wajen Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a babban taronmu na shekara

 



Lokacin da sakatare ya sanar da ni cewa ana so in yi magana a kan aikin kwamfuta, na san da yawa za su zaci zan kawo bayanin yadda yaranmu za su koyi sana'ar su sami abin yi. Wannan magana ce mai kyau, amma akwai waɗanda suka fi ni saninta a cikin zauren nan. Ni abin da na zaɓa shi ne wata rigima da ba ta ƙarewa tsakanin masu rubuta manhaja, wato rigimar sakin layi: wace magana ce ta dace da abin da aka taru a kansa, wace ce ba ta dace ba, kuma wa ke da ikon cewa a yi shiru. Na zaɓe ta ne domin ta taɓa ƙona ni a wurin aiki, kuma ina ganin hayaƙinta a tarurrukan ƙungiyarmu.

Malamanmu za su tuna da ƙungiyar muhawara ta ranar Laraba. Malaminmu na Ingilishi, Allah ya saka masa da alheri, yana da wata 'yar ƙararrawa a kan tebur. Da ka kauce wa maudu'i sai ka ji ta, komai daɗin Turancinka. A lokacin muna ganin mugunta ce. Sai da na gama jami'a na kama aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata, sa'an nan na gane cewa manyan ƙwararru na duniya ma har yau neman mai riƙe musu ƙararrawa suke yi.

A iya abin da na gani, sakin layi iri uku ne.

Na farko shi ne a bar babban abu a koma wa ƙarami. Wani Bature masanin tarihi, ɗan ƙasar Ingila, mai suna C. Northcote Parkinson, ya yi bayanin wannan a littafinsa Parkinson's Law da ya fito a 1957. Ya ƙago misalin wani kwamitin kuɗi mai batu uku a gabansa. Na farko gina tashar makamashin nukiliya a kan fam miliyan 10. Aka amince da shi cikin minti biyu da rabi, domin ba wanda ya san kan abin balle ya yi gardama. Na biyu rumfar ajiye kekunan ma'aikata a kan fam 350. Aka kwashe minti 45 ana musu a kan irin rufin da za a yi mata. Na uku kuɗin abin taɓa baki na fam 21 a shekara. Wannan ya ci awa guda da kwata, kuma aka tashi ba a yanke ba. Darasin shi ne, mutum ya fi sakin baki a kan abin da ya fi sauƙi, ba a kan abin da ya fi muhimmanci ba.

Masu rubuta manhaja sun ɗauki wannan misali sun mai da shi nasu. A watan Oktoba na 1999, wani ɗan ƙasar Denmark mai suna Poul-Henning Kamp, ɗaya daga cikin masu gina FreeBSD, wato wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta wadda 'yan sa kai ke rubutawa, ya aika wa abokan aikinsa doguwar wasiƙa. Dalili kuwa, akwai wani ɗan ƙaramin umarni da ake kira sleep, wanda aikinsa kawai shi ne ya sa kwamfuta ta dakata na wasu daƙiƙoƙi. Sai wani ya kawo shawara a gyara shi ya riƙa karɓar rabin daƙiƙa ko kwata. Gyaran bai taka kara ya karya ba, amma aka yi ta cacar baki a kansa, alhali manyan gyare-gyare masu haɗari suna wucewa ba mai tankawa. Kamp ya tunatar da su labarin rumfar kekuna, ya nuna cewa kowa yana so ne ya bar shatin yatsansa a kan aikin, a san da shi aka yi. Tun daga nan, a duniyar masu manhaja, da an ce ana fentin rumfar keke kowa ya san an bar jaki ana dukan taiki.

Iri na biyu shi ne tsohuwar gaba wadda take shigowa ko'ina ba tare da sallama ba. Masu manhaja suna da irin waɗannan da yawa. Akwai musun wane abin rubutu ya fi, vi ko Emacs, wanda ya girme ni a shekaru. Akwai musun da wane maɓalli za a riƙa tura farkon layi ciki, abin da a yawancin harsunan kwamfuta bai canza komai a aikin manhajar ba. Sai ka ga yaro ya kawo tambaya ɗaya a kan abin da ya hana aikinsa tafiya, kafin a ba shi amsa manya biyu sun kaure da musun harshen da ya kamata ya yi amfani da shi tun farko. Yaron ya tashi da tambayarsa a hannu, su kuwa sun ji daɗin hira.

Su ma sun gaji da wannan hali, shi ya sa suka nemo magunguna. Masu kula da harshen Python suna da ƙa'ida cewa duk mai son a yi wani babban canji ya rubuta takardar shawara, kuma ana son kowace takarda ta ƙunshi batu guda ɗaya tak. Ƙungiyar IETF, wadda ke tsara ƙa'idojin da intanet ke tafiya a kansu, ba ta kafa kwamitin aiki sai da rubutacciyar takarda mai bayyana iyakar abin da zai duba, domin idan shugaba ya ce magana ta fita daga hurumi, ya nuna takarda, kada a ce son ransa ne. Harshen Go, wanda kamfanin Google ya fitar a 2009, ya zo da wata 'yar manhaja mai suna gofmt wadda ke jera rubutun kowa a tsari ɗaya, sai musun tsarin rubutu ya mutu murus. Sa'an nan a tsarin aikin da ake kira Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, taron kullum minti 15 ne kacal, kuma wurare da yawa a tsaye ake yinsa, domin wanda ƙafa ke masa ciwo ba ya tsawaita zance.

To jama'a, da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce mu sayi ƙararrawa mu huta. Amma akwai iri na uku, wanda shi ne ya sa na tsaya a gabanku yau: maganar da ta yi kama da sakin layi, alhali ita ce kan layin.

Shekarun baya an ba sashenmu aikin rubuta manhajar da za ta lissafa bashin ƙarin girma da ma'aikata ke bi. Mu shida ne, muna zama duk ranar Talata. Mako uku na farko sun tafi a musun harshen da za a yi aikin da shi da launin shafin farko. Da darakta ya ga haka sai ya ɗora mini shugabancin zaman. Ni kuwa na karanta duk abubuwan nan da na faɗa muku, sai na shigo da zafi. Duk wanda ya buɗe baki ya kauce, sai in ce ba shi ne a gabanmu ba. Aiki ya fara gudu, ni ma na fara jin kaina.

Ana saura mako biyu mu miƙa aiki, muna tsaka da duba lissafin matakan albashi, sai wata yarinya 'yar bautar ƙasa da aka turo mana ta ɗaga hannu. Ta ce, "Yallaɓai, ina da tambaya a kan yadda ake shigar da sunaye." Ban bari ta kai aya ba. Na ce, "Ƙanwata, yau lissafi muke yi, ba sunaye ba. A bar wa wani zaman." Ta ce to, ta sunkuyar da kai. Wani zaman bai zo ba, ita kuma ba ta sake ɗaga hannu ba.

Abin da take so ta faɗa shi ne wannan. Kun san ɗan waƙafin nan na sama da muke sawa a madadin hamza, a sunaye irin su Mu'azu, Rabi'u, Sa'adatu da Isma'ila. A harshen SQL, wanda ake magana da rumbun bayanai da shi, wannan alama ita ce ke nuna inda rubutu ya fara da inda ya ƙare. Idan mai rubuta manhaja bai yi hattara ba, kwamfuta tana zuwa kan Mu'azu sai ta ɗauka sunan ya ƙare a Mu, sauran kuma ta gan shi a matsayin umarnin da ba ta gane ba, ta ƙi karɓar layin gaba ɗaya. Kuskure ne sananne, gyaransa bai fi aikin yini guda ba. Yarinyar ta gan shi, mu manya ba mu gani ba, domin duk sunayen da muka yi gwaji da su babu mai hamza.

Aka biya kuɗi ana gab da babbar salla. Kowa ya ga nasa, ban da masu hamza a suna. Wani dattijo masinja, wanda ya haife ni a shekaru, ya same ni a ofis ya ce, "Ɗana, me na yi aka cire ni? Na riga na karɓi rago bashi a kan kuɗin nan." Ba ni da amsar da zan ba shi. Kafin a sake bin takardu a biya su, salla ta wuce da makonni. Ba wanda ya hukunta ni, amma har yau idan na tuna fuskar dattijon nan sai in ji kunya. Na nemi yarinyar na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma na san da komai.

Abin da na koya shi ne, tsare layi haƙƙi ne na mai buƙata, domin lokacin taro amana ce. Amma mai riƙe ƙararrawa shi ma yana iya zalunci, kuma galibi a kan ƙarami take faɗawa, domin babba ko ya saki layi ba mai iya katse shi. Wanda aka katse sau ɗaya a gaban jama'a, musamman yaro ko mace ko baƙo, da wuya ya sake magana, kuma ba ka san ranar da shirunsa zai ci ka ba. Tun daga lokacin na ɗauki al'ada biyu. Kafin in ce wa mutum ya kauce, sai in tambaye shi ya faɗa mini a jimla ɗaya abin da ya haɗa maganarsa da abin da ke gabanmu. Idan kuwa ta tabbata ba muhallinta ba ne, sai a rubuta ta a allo inda kowa ke gani, da sunan wanda zai bi ta da ranar da za a dawo kanta. Ta haka an ajiye maganar ke nan, ba a binne ta ba.

Yanzu bari in dawo gida, kuma ina roƙon shugabanni su yi mini afuwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A taronmu na bara, waɗanda suka halarta shaida ne, mun fi awa guda a kan launin yadin ankon da za mu ɗinka. Batun rufin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, wanda ke yoyo a kan kayan aiki duk damina, ya zo ana kiran sallar la'asar, aka ce kwamiti ya duba. Damina ta sake zuwa ta wuce, rufin yana nan yadda yake. Ba don ba mu damu ba ne. Kowa ya san yadi, amma kaɗan ne suka san tsadar katako da kwano, sai muka gudu zuwa inda bakinmu ya fi sakewa. Ankon nan shi ne rumfar kekenmu.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Na ɗaya, a riƙa sa batu mafi nauyi a farkon ajanda, a kuma raba takardar bayaninsa da ƙiyasin kuɗinsa kafin ranar taro, domin jama'a su sami abin cewa a kansa. Na biyu, ƙananan abubuwa irin su anko da abinci a damƙa su ga mutum uku, duk abin da suka yanke mu karɓa. Na uku, sakatare ya buɗe shafi na musamman domin maganganun da aka ɗage, a fara karanta shi a taro na gaba. Hira da zumunci kuwa suna da muhallinsu, kuma su ne ma suka tara mu. A ware musu lokaci isasshe bayan an tashi, kowa ya saki layi iya son ransa.

Ga ƙannenmu da suka gama kwanan nan, idan kun ga abin da mu ba mu gani ba, ku faɗa, ko da an katse ku ku sake ɗaga hannu cikin ladabi. Ga mu da muka fara riƙe kujeru, mu saurari jimlar farko kafin mu kai hannu ga ƙararrawa.

Ina ganin shugaban taro ya fara duba agogo, kada in zama misalin abin da nake wa'azi a kai. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gida lafiya.