Duniya Ta Zama Kasuwa Ɗaya: Ina Makomar Mai Gida Da Dillali?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu a Oshodi)

  

An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan abin da 'yan boko ke kira dunƙulewar duniya, wato yadda kuɗi da kaya da labari suka daina tsayawa a iyakar ƙasa, har ta kai farashin da aka yanka a Sin ko Dubai yana taɓa aljihun mai tebur a nan Oshodi. To, mu dai ba masana tattalin arziki ba ne, 'yan kasuwa ne, saboda haka daga bakin kasuwa za mu dubi maganar.

Mu fara da tambayar kanmu, me ya zaunar da kakanninmu a ƙasar nan? Za a ce goro da shanu, kuma gaskiya ne. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, Agege ta zama matattarar goro, ana ɗaure huhu ana ɗorawa a jirgi zuwa Arewa, shanu kuma suna gangarowa. Amma in an duba da kyau, babban jarin mai gida ba goron ba ne, ba kuma shanun ba. Jarinsa sani ne da amana. Shi ya san nawa huhu ya kai a Kano makon jiya, shi ya san wane mahauci ne ke biyan bashi, wane ne ke ɓata. Baƙo zai sauka da garke, bai iya Yarabanci ba, bai san kowa ba, sai ya miƙa dukiyarsa gaba ɗaya ga mai gida ya je ya kwanta. Mai gida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, a fitar da la'ada. Labari a lokacin nan tsada gare shi, kuma a hannunmu yake. Wasiƙar ajami ce ake ba yaron jirgi ko direban babbar mota, daga baya aka koma ɗaukar murya a kaset. Dattawan da ke zaune a gaba sun tuna layin da ake yi a ofishin NITEL, mutum ya wuni don ya yi maganar minti uku da Sakkwato, wani lokacin ma ya dawo bai samu ba. Ƙasar nan duka, layukan tarho ba su wuce kimanin 400,000 ba kafin 2001.

Guguwar ta fara kaɗa mu ne ta wajen kuɗi. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira, wadda kafin nan take kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka. A 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Ƙofa ta buɗe, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga samarin da muka gani suna sauka a Legas suna acaba ko gadi, 'ya'yan ma'aikatan masaƙun nan ne da na manoman audugar da suka rasa mai saye. Wannan ma dunƙulewar duniya ce, sai dai ba a cika faɗinta a lacca ba.

Sannan waya ta zo. A watan Janairu na 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, a watan Agusta kuma aka fara kira. Ku lura da masu kuɗin. MTN daga Afirka ta Kudu take. Econet asalinta Zimbabuwe, ta koma Vmobile, ta koma Celtel, Larabawan Kuwaiti suka mai da ita Zain, a 2010 Indiyawa suka saya ta zama Airtel. Layi ɗaya a aljihunka, lambarka ba ta canza ba, amma masu shi sun canza nahiya har sau nawa ba a shawarce ka ba. Kun tuna masu lema a ƙarƙashin gadar nan ta Oshodi, da lokacin da minti ɗaya yake naira hamsin, sai da Glo ta fito a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka sauko. Wayar kanta daga Sin ake ƙero ta, a sauke ta a Computer Village ta Ikeja. Igiyoyin da ke ɗauko intanet kuwa ta ƙarƙashin teku suka biyo daga Turai, irin su Main One da aka kunna a 2010, kuma a gaɓar Legas ɗin nan suka fito.

Alherin abin ba ya musantuwa. Wanda ya taɓa ɗinke kuɗi a cikin buhun gari ya ba direba, ya kwana bai runtsa ba saboda 'yan fashin hanya, shi ya san darajar tura kuɗi ta waya. Rasuwa da a da sai bayan sadakar bakwai muke ji, yanzu ana wanka muna waya. Wanda bai yi boko ba ya danna WhatsApp ya yi maganarsa da Hausa, ba ya neman mai rubuta masa wasiƙa ya ji sirrinsa.

Amma jama'a, abin da ya sauƙaƙa mana zumunci shi ne ya karya farashin hajarmu ta asali. Yau manomin albasa a Aliero ya san farashin Mile 12 kafin a gama lodin motarsa. Mahauci a Oko-Oba zai sa a ɗauko masa hoton sa daga kasuwar Potiskum, su yi ciniki, ya tura kuɗi, mai gida bai ma ji ba. Ɗan canji da a da shi ke faɗin farashi, yanzu mai saye ne ke nuna masa waya. Da aka saki naira a 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kowa a wayarsa ya gani, da mai kanti da mai turin baro a lokaci guda. Sanin da muke sayarwa ya zama na kowa. Duk mai gidan da ke jiran baƙo ya zo masa a makance kamar da, to, ya daɗe yana jira.

Abin da waya ba ta iya kawowa ba shi ne tsayawa. Bara wani ɗan ƙungiyar nan ya sayar wa wani mutum raguna, mutumin da bai taɓa gani ba sai a waya. Saƙon shigar kuɗi ya shigo, aka loda dabbobi, washegari ya je wajen mai POS aka ce masa babu ko kwabo. Lambar a kashe take har yau. A tsarin da, wannan ba ta faruwa, domin akwai wanda ya ce "na tsaya masa", kuma in ta ɓaci shi zai biya ko da zai sayar da gida. Mu a ganinmu nan ne abincin masu gidaje ya koma. Sai dai tsayawar yau ba ta yiwuwa da ƙwaƙwalwa da carbi kawai, sai da littafi da rasiɗi da yaron da ya iya duba asusun banki. Iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma, ku yi haƙuri da wannan magana, ku jawo yaran nan da suka yi karatu kusa da tabarmarku, kada ku bar su suna ganin sana'ar gida ta tsufa.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi kuɗi nauyi. A watan Yuli na 1999 da aka yi rikicin Shagamu, sai da motoci suka isa Kano da mutane sannan wuta ta tashi can. Kwanakin da ke tsakani, da an yi amfani da su, da an ceci rayuka. Yau babu kwanakin. Lokacin rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, hotuna sun isa Arewa kafin hayaƙi ya kwanta, na gaskiya da na ƙarya a gauraye, kuma ba a jima ba aka tsayar da motocin abinci da shanu zuwa Kudu. Tumatir ya ruɓe a hannun manomi, mu kuma nan muka zauna muna kallon rumfuna babu kaya, maƙwabta suna kallonmu. Wanda ya tura hoton daga ɗakinsa a wata ƙasa ba shi da shago a Ketu. Mu da muka ga abin da ya faru a Idi-Araba a 2002 mun san wanda ake fara nema in an ce an taɓa wani a Arewa.

Saboda haka muna gabatar wa taro shawara biyu. Ta farko, kowace unguwa ta fitar da mutum biyu, dattijo ɗaya da saurayi ɗaya, waɗanda in labarin tashin hankali ya shigo su za a kira, su je su gani da ido ko su tuntuɓi fadar Sarki, kuma kada ɗan ƙungiya ya tura komai gaba sai sun yi magana. Ta biyu, sakatare ya buɗe littafin masu tsayawa, a rubuta sunan kowane mai gida da dillalan da ke ƙarƙashinsa da lambobinsu, yadda mai kaya daga Arewa zai iya bugowa ya tambaya kafin ya saki dukiyarsa. Wanda ya ci amana a cire sunansa a gaban jama'a. Kuɗin littafi da katin waya ba su fi ƙarfin asusunmu ba, ma'aji yana nan zai tabbatar.

Mai girma shugaba, muna roƙon a sa waɗannan biyun cikin abin da za a tattauna bayan sallar La'asar, a kuma ba masu gidajen Agege dama su fara magana, tun da su abin ya fi shafa.