Gwangwanin silallan da Baffa ya bari

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta, Yakite, Kilomita Biyar, Bangi

An ba ni minti kaɗan, zan yi magana a kan abin da ya same mu a gidanmu, don na san irinsa na nan a gidaje da yawa.

Bara Allah ya yi wa baffana rasuwa. Shekara da shekaru yana safarar goro da atamfa tsakanin Garwa-Bulai da Bangi. Cikin kayan da ya bari akwai wani gwangwanin madara cike da tsofaffin silalla. Shi ne ya binne a tsakar gida lokacin da muka gudu a rikicin 2013 da 2014, ya tono da muka dawo. Ba a yi sadakar arba'in ba sai ga wani mutum ya zo ya ce zai saya duka, da gwangwanin, jaka ashirin, a ba shi yanzu. Ƙanena kuma ya ga wani bidiyo a Facebook, ya rantse akwai miliyoyi a ciki. Matar marigayi tana zaune da marayu uku, tana kallonmu. Saura kaɗan zumunci ya lalace a kan abin da ba wanda ya ƙirga.

Dattijon unguwa ya ce kayan gado ne, kada a taɓa sai gaban magada. Muka shimfiɗa tabarma, muka zuba, na ɗauki littafina na rubuta kowane ɗaya: ƙasa, shekara, adadi. Ga abin da na koya.

Sile yana da daraja iri uku: abin da zai saya a kasuwa yau, ƙarfen da aka yi shi da shi, da abin da masu tara tsofaffin kuɗi za su biya. Su waɗannan ba tsufa suke saya ba. Ƙarancin abu suke nema, da kyawunsa.

Yawancin abin da muka samu su ne dala, dala biyu da dala biyar masu kawunan dabbobin dawa uku. Dala ita ce faran biyar, wadda maƙwabtanmu ke ce wa pata da Sango. A 1958 aka fara buga wannan zane, kuma an buga su da yawan gaske. Wanda ya goge da yawo a hannu, darajarsa ba ta wuce ta canji ba.

Sai kuɗin Ingilishi na Najeriya, anini da kwabo masu huda a tsakiya, waɗanda aka yi amfani da su kafin a koma naira a 1973. Akwai guda biyu na 1936 da sunan Sarki Edward na takwas, wanda bai cika shekara a kan sarauta ba. Nan ƙanena ya yi tsalle. Amma an buga su da yawa, ba su da wuyar samu a wurin masu tarawa.

Na uku, manyan dalolin azurfa huɗu masu hoton mace, wato Mariya Tereza ta Ostiriya, irin da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya. Kowace an rubuta mata 1780. Kada wannan ya ruɗe ku: har yau ana buga ta da wannan shekarar. Darajarta a azurfarta take. Ta gaske tana da nauyin giram 28, kusan giram 23 a ciki azurfa ce zalla. Muka kai wa maƙerin azurfa ya auna a gabanmu. Uku suka cika, ɗaya ta zama jabu. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, to wannan ta bi.

Waɗanda ya kamata a ware gefe su ne masu tarihi na musamman. Akwai faran ɗaya mai hoton zakara na 1942 da 1943, wanda aka buga a Afirka ta Kudu lokacin da Jamus ta mamaye Faransa. Akwai dala ashirin mai sunan ƙasarmu. Ku duba da kyau: in kun ga an rubuta Empire Centrafricain da shekarar 1978, daga zamanin da Bokasa ya naɗa kansa sarki ne, kafin a kifar da shi a 1979, kuma masu tarawa na nemansa. Haka dala goma na bankin BEAC daga 1976 suna da harafin ƙasa: A Cadi, B mu, C Kwango, D Gabon, E Kamaru. Mai tarawa yana duba harafin da shekarar tare. Mu dai zakara ɗaya muka samu, ya kuwa goge sosai.

Gargaɗi uku. Kada ku wanke sile da lemun tsami ko toka ko yashi, wankin yana kashe kuɗinsa. Kada ku huda ko ku liƙa masa marataya. Kada ku sayar a dunƙule ga wanda ke gaggawa, ku ji farashi daga mutum biyu ko uku tukuna.

Ƙarshen lissafi, ba miliyoyi a gwangwanin. Amma azurfar nan uku kaɗai ta fi abin da mutumin ya taya duka. Aka sayar, aka haɗa da sauran dukiya, malam ya raba, kowa ya sa hannu. Aninai kuma magada suka yarda a bar wa yara, su san hanyoyin da mahaifinsu ya bi.

Duk mai irin wannan gwangwani, ya kawo ofishin ƙungiya tare da magada. Littafi da maganaɗisu na nan, ba a biyan ko dala. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwarmu.